Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar Gari

Kowane yaro na Gidan Katta ya san ƙasarsu tana bakin iyaka. Idan aka bar Illela aka yi arewa kaɗan, sai a shiga Nijar, a iske Birnin Ƙonni. Idan kuwa aka yi kudu, sai a bi ta Gwadabawa da Kware a isa Sakkwato, tafiyar kamar mil 50. Amma wannan iyaka ba daɗaɗɗiya ba ce, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta sa'ad da suka raba ƙasar a tsakaninsu. Kafin zuwansu akwai wata iyaka dabam a wannan yanki, wadda ba ta da turke, ba ta da tuta. Ita ce iyakar da ke tsakanin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Gobirawa da Buzaye. Shekara da shekaru aka yi ana kai da komowa a kanta da dawaki da kibau.

Idan ana ba da labarin wancan zamani, yawanci sunayen maza ake ji, sarakuna da jarumawa da malamai. To, amma mata ma sun taka ƙaya, sun sha ƙishirwa, sun binne 'ya'yansu a jeji. A cikin matan nan babu wadda sunanta ya ɗaukaka kamar Nana Asma'u. Ita ba mayaƙiya ba ce, makamanta alƙalami ne da tawada. Duk da haka aikin da ta yi ya fi ganuwar garuruwa da yawa daɗewa. Ga labarinta.

Haihuwarta da ƙuruciyarta

An haifi Asma'u a Ɗegel wajen shekara ta 1793. Ɗegel tana cikin ƙasar Gwadabawa ta yanzu, kusa da Cimmola, watau ba ta da nisa da mu. A lokacin nan tana ƙarƙashin Sarkin Gobir, wanda ke zaune a birnin Alƙalawa. Ubanta shi ne Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta, gabas da Ƙonni, a shekara ta 1754. Sunan uwarta Maimuna.

Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Kun san bisa al'ada sunan tagwaye ya kamata a raɗa mata. Amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abinci a kogon dutse lokacin da ya yi hijira daga Makka. Ikon Allah, ita ma wannan Asma'u tun ba ta gama girma ba sai da ta ga hijira da idonta.

Uwarta ta rasu tun tana 'yar ƙarama, sai sauran matan Shehu suka rene ta. A cikinsu har da Hauwa'u, uwar Muhammadu Bello. Bello ya girme ta da kamar shekara 12, amma tun daga ƙuruciya shaƙuwa ta shiga tsakaninsu, ba su kuwa rabu ba sai da mutuwa ta raba.

Ɗegel garin malamai ne. Almajirai suna zuwa daga ƙasashe masu nisa don su ɗauki karatu. Gidan Shehu ba gidan dukiya ba ne, gama shi kansa yakan tufka igiya da hannunsa don ya sami abin masarufi. Amma gida ne da maza da mata duk suke karatu. A zamanin nan mutane da yawa suna ganin karatun 'ya mace ɓata lokaci ne. Shehu bai yarda da wannan ba ko kaɗan. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke koyar da 'ya'yan wasu, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. In ya fita wa'azi, mata sukan zo su zauna a gefensu su saurara. Wasu malamai suka yi ta sukarsa a kan haka, bai fasa ba.

Saboda haka Asma'u ta soma da allo kamar kowane yaro. Ta sauke Alƙur'ani, ta haddace shi, kana ta shiga littattafan tauhidi da fiƙihu da hadisi da nahawu. Yayarta Hadiza ma babbar malama ce. Da Asma'u ta girma, sai ga ta tana jin harshe huɗu: Fillanci, da Hausa, da Larabci, da Buzanci. Ku riƙe wannan, domin harsunan nan su ne jarin da ta yi aiki da shi daga baya.

Hijira

Da jama'ar Shehu ta yi yawa, sai sarakunan Gobir suka soma jin tsoro. Sarkin Gobir Nafata ya kafa doka, ya hana kowa yin wa'azi sai Shehu kaɗai, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau gado, sai abin ya ƙara tsanani. Rundunarsa ta auka wa garin Gimbana, inda Malam Abdussalami yake zaune da mutanensa, ta kamo Musulmi da yawa. Da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel a ɗaure, sai mutanen Shehu suka fita suka kwance su. Yunfa ya husata, ya aika wa Shehu ya fita daga garin, shi da iyalinsa. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya zaɓi su tashi gaba ɗaya.

A watan Fabrairu na shekara ta 1804 suka bar Ɗegel, suka nufi yamma, zuwa wani wuri da ake kira Gudu, can a ƙarshen ƙasar Gobir. Asma'u tana da shekara 11 ke nan. Ku dubi 'yan ajinku masu wannan shekaru, ku tuna kamar ɗayansu take. Rani ne, ƙasa ta bushe, rijiyoyi suna nesa da juna. Aka bar ɗakuna da rumbuna da gonaki, kowa ya ɗauki abin da kansa zai iya ɗauka. Amma akwai kayan da ba a yarda a bari ba, watau littattafai. Wani malamin Buzaye, ana kiransa Agali, ya taimaka da raƙuma, aka ɗora musu gafakokin Shehu. Yarinyar nan tana kallo aka bar tukwane da turame aka ɗauki takardu. Wannan darasi ne da bai taɓa fita daga zuciyarta ba.

A Gudu ne jama'a suka taru a gindin wata itaciyar faru, suka yi wa Shehu mubaya'a, ya zama Sarkin Musulmi. A watan Yuni na wannan shekara Yunfa ya zo da runduna mai yawa, da dawaki masu lifidi. Aka gamu a Tabkin Kwatto. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, shi ya ja jama'a, yawancinsu maharba ne a ƙasa. Allah ya ba su nasara, Yunfa ya koma Alƙalawa.

Shekarun wahala

Kada ku zaci da aka ci wannan yaƙi wahala ta ƙare. Yanzu ma ta soma. Jama'a ba su da gari, ba su yi noma ba, ga damina ta wuce. Suka riƙa tashi daga wannan sansani zuwa wancan, suna neman abinci da makiyaya. A ƙarshen shekara ta 1804 Gobirawa da Buzaye suka auka musu a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa. Aka kashe mutum wajen 2,000, a cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Mata da yawa suka wayi gari gwauraye, yara suka zama marayu.

Daga nan aka gangara ƙasar Zamfara, aka zauna a Sabon Gari, yunwa da zazzaɓi suna ta ɗibar mutane da dabbobi. A shekara ta 1805 aka ci Birnin Kabi, aka koma Gwandu. Kafin shekarar ta fita aka sake shan kashi a Alwasa, har abokan gaba suka iso bakin Gwandu, garin kuwa ba shi da ganuwa tukuna. Mata da yara suna ciki suna jin ƙugin yaƙi. Da ƙyar aka kore su.

Wa ke nemo itace da ruwa a duk wannan tafiya? Wa ke daka ɗan hatsin da aka samu, ya raba shi ya ishi kowa? Wa ke jiyyar waɗanda kibiya ta sama? Mata ne. Asma'u tana cikinsu, tana aikin da suke yi, tana kuma ci gaba da karatunta in an sami sarari. A nan ta san yunwa, ta san tsoro, ta san darajar maƙwabcin kirki. Shi ya sa da ta sami ɗaukaka ba ta taɓa wulakanta matalauci ba.

A Gwandu, a shekara ta 1807, aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, babban aminin Bello, mutum mai ilmi da haƙuri. A shekara ta 1808 Bello ya ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa. Mutane suna ba da labari wai Asma'u ce ta zaro itace mai wuta daga murhu ta miƙa wa Bello, ta nuna masa wajen Alƙalawa, shi ne birnin ya ci wuta. Irin labarin nan ne da jama'a kan ƙaga wa wanda suke ƙauna, amma ya nuna muku yadda suka ɗauke ta.

Zaman Sakkwato

A shekara ta 1809 Bello ya soma gina Sakkwato. Shehu ya zauna a Sifawa yana koyarwa, sa'an nan ya komo Sakkwato a shekara ta 1815, ya rasu a shekara ta 1817. Aka naɗa Bello Sarkin Musulmi, shi kuwa ya naɗa Giɗaɗo Waziri. Ga Asma'u ke nan, 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, tana da shekara 24 da haihuwa. Da wata ce, da sai ta miƙe ƙafa, kuyangi suna yi mata fifita. Ita kuwa sai ta ɗaura ɗamara.

Aikin farko da ya same ta shi ne na littattafan ubanta. Shehu ya wallafa littattafai fiye da 100, ban da waƙoƙi. A zamanin nan babu injin buga littafi a ƙasarmu, kowane littafi da hannu ake juyarsa. Takarda kuwa tsada gare ta, gama daga bakin bahar ake kawo ta a kan raƙuma, a ƙetaro hamada da ita. Ba a ɗinke littafi, warƙa warƙa yake a cikin gafaka. In warƙa ɗaya ta ɓace, ko gara ta ci, ko ruwa ya jiƙa, shi ke nan an yi hasara. Littattafan nan sun sha yawo daga Ɗegel har Sakkwato. Asma'u da mijinta suka duƙufa suna tattara su, suna jera su, suna sa a juya waɗanda suka tsufa. Aiki ne na shekaru, wanda ba a yi masa kiɗa, amma ba domin irinsa ba da yawancin abin da Shehu ya rubuta bai iso gare mu ba.

Ta kuma rene ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka haifa a shekarar da ubansu ya rasu. Ita ta koya masa karatu. Shi ne wanda aka sani da Isan Kware, gama shi ya riƙe garin Kware da ke kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato. Daga baya ya juya waƙoƙinta da dama daga Fillanci zuwa Hausa.

Gidan Waziri gidan baƙi ne. Manzanni daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da Adamawa duk nan suke sauka. Har Baturen Ingila ɗin nan, Kyaftin Kilafaton, wanda ya riƙa kiran kansa Abdullahi, da ya zo Sakkwato a shekara ta 1824 Giɗaɗo ne ya karɓe shi. Saboda haka Asma'u ta san abin da duniya ke ciki, ko da yake tana cikin gida. Malamai sukan aiko mata da wasiƙa da Larabci, ta mayar musu da amsa, har da wani malami da ya fito daga Shingiɗi, a ƙasar Muritaniya ta yau.

Zaman ribaɗi

Ko da aka ci Alƙalawa, iyakar arewa da ta gabas ba su kwanta ba. Gobirawan da suka tsira ba su sallama ba, Katsinawan da aka kora suka kafa Maraɗi, Buzaye kuma suna kawo hari in sun ga dama. Don haka Bello ya riƙa gina garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, yana zaunar da mayaƙa da manoma da makiyaya a ciki. Irin garin nan shi ake kira ribaɗi. Mafi girmansu shi ne Wurno, inda Bello kansa ya koma da zama. Asma'u takan zauna a Sakkwato, takan kuma zauna a Wurno.

A shekara ta 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye suka haɗa kai. Bello ya fita ya tare su a Gawakuke, aka yi yaƙi mai tsanani, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk suka faɗi a wurin. Sauran Gobirawa suka je suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Shekara guda bayan wannan, watau 1837, Bello ya rasu a Wurno. Asma'u ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta yi masa waƙar makoki, ta ambaci ilminsa da adalcinsa da yadda yake taimakonta a kan kowane al'amari.

To, yaƙi yakan ci gari, amma ba ya koya wa mutum alwala. A ƙauyukan da ke kewaye da ribaɗi akwai dubban mata. Wasu an kamo su a yaƙi an mai da su bayi, an raba su da danginsu. Wasu matan manoma ne da makiyaya, ba su taɓa riƙe allo ba. In ciwo ya kama ɗansu, ko haihuwa ta yi gardama, wurin 'yan bori suke zuwa, gama abin da suka tashi suka tarar ke nan. Su ne kuwa masu renon yaran da za su zama manyan gobe. Asma'u ta duba ta ga in aka bar matan nan cikin jahilci, duk wahalar da aka sha daga Gudu har Gawakuke ta zama aikin banza.

'Yan Taru

Amma yaya za a yi? Matan aure ba su iya barin gidajensu su zo birni neman ilmi. Ita kuma mutum ɗaya ce, ba ta iya zaga ƙauyuka duka. Ga dabarar da ta yi.

Ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwa dabam dabam. Kowace ta koya mata karatu gwargwadon hali, sa'an nan ta naɗa ta shugabar matan garinsu, aka riƙa kiranta jaji. Jaji a wurin fatake shi ne mai jan ayari. Ranar naɗi Asma'u takan ba ta malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Akwai hikima a cikin wannan. A Gobir akwai wata babbar mace, ana ce da ita Inna, 'yar gidan sarauta ce, ita ce shugabar 'yan bori, malfa kuwa tana cikin kayan sarautarta. Duk macen ƙauye da ta hangi malfa a kan mace ta san mai iko ce ta zo. Asma'u ta ɗauki alamar da matan suka saba girmamawa, ta ɗora ta a kan malama.

Idan an gama girbi, hanya ta bushe, sai jaji ta tara ayarinta. 'Yan mata waɗanda ba su isa aure ba, da tsofaffi waɗanda suka gama haihuwa, su ne ke tafiya, matan aure su tsaya a gida. A ƙasa suke tafiya, wasu kwana ɗaya, wasu kwanaki, ta cikin jejin da ba a rasa namun daji da mahara. Suna ɗauke da sadakar da matan garin suka bayar, zuma da man shanu da hatsi da zane. In sun iso, Asma'u ta sauke su, ta ba su ruwa da abinci, ta tambayi lafiyar garinsu, ta saurari matsalolin da aka aiko su da su, ta ba da amsa. Kayan sadaka kuwa sai ta rarraba wa makafi da guragu da marayu. Waɗannan mata su ake kira 'yan taru.

Da yake yawancinsu ba su iya karatu ba, sai ta riƙa shirya musu darasi a cikin waƙa, gama waƙa ta fi saurin zama a ka. Su haddace a wurinta, su koma gida su shiga gida gida suna koya wa matan aure. Mace tana daka tana rerawa, tana kaɗi tana rerawa, 'yarta tana gefe tana ji. Da haka ilmi ya shiga inda malami namiji ba shi da ikon shiga. Ban da koyarwa, 'yan taru sukan yi jiyyar marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa, su share masallaci, su sulhunta masu faɗa.

Ku lura, duk wannan ya faru ne tun Turawa ba su ci Sakkwato ba, gama sai a shekara ta 1903 suka ci ta. A Ingila kanta sai a shekara ta 1880 aka yi dokar da ta tilasta wa iyaye su sa 'ya'yansu makaranta. Saboda haka wanda ya ce karatun 'ya mace baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje, bai san tarihin ƙasarsa ba.

Abin da ta rubuta

Abin da ya iso gare mu na rubutunta ya kai wajen 60, da Larabci da Fillanci da Hausa. Da Larabci take yi wa malamai magana, da Fillanci take yi wa danginta, da Hausa kuwa take yi wa jama'a duka. Hausar da Fillancin da ajami take rubuta su, watau da baƙaƙen Larabci.

A shekara ta 1820 ta wallafa Tanbihul Gafilina da Larabci. A shekara ta 1831 ta juya waƙar Shehu ta Fillanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Har yanzu ana rera ta. Ta shirya wata gajeruwar waƙa wadda ta ƙunshi sunayen surorin Alƙur'ani 114, don mai koyo ya riƙe su a jere. Ta yi wata a kan mata salihai, tun daga matan Annabi da 'ya'yansa har zuwa matan da ita kanta ta sani a Ɗegel da Sakkwato, don mata su sami abin koyi a cikin jinsinsu. Ta yi Waƙar Gewaye, wadda ta ba da labarin hijira da yaƙe-yaƙe wuri bayan wuri. Masu binciken tarihi suna amfani da ita, gama mai waƙar da ƙafarta ta yi tafiyar.

Waƙoƙinta na makoki su suka fi nuna halinta. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha matar Bello. Amma ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta, Halima, saboda kirkinta da zaman lafiyarta da mutane. Ta kuma yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ta yi shekaru tana jawo ayarin mata zuwa wurinta. Abin da take yabo ga mutum shi ne haƙuri, da gaskiya, da kyauta, da riƙon zumunci. Sarauta da dukiya ba su dame ta ba. Saboda wannan hali ne mutane suka riƙa kiranta Uwar Gari.

Rasuwarta da abin da ta bari

Asma'u ta ga zamanin Shehu, da na Bello, da na Atiku, da na Aliyu Babba, da na Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi ribaɗinsa a Cimmola, kusa da inda aka haife ta. Ta rasu a shekara ta 1864, tana da shekara wajen 71. Aka binne ta a Hubbare, kusa da kabarin ubanta a Sakkwato.

Aikinta bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi 'yan taru, bayanta kuma 'yarta Ta Modi ta ci gaba. 'Ya'yan Asma'u biyu, Abdulƙadir da Abdullahi Bayero, duk sun yi Wazirin Sakkwato. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a shekara ta 1997, tattaɓa kunnenta ne, shi ya adana takardunta a gidansu na Giɗaɗawa. Wata Baturiyar Ingila, malamar makaranta, mai suna Jean Boyd, ta yi shekaru tana nazarinsu a wurinsa. A shekara ta 1997 ita da wata malama Ba'amurkiya, Beverly Mack, suka buga su cikin babban littafi guda, tare da fassararsu da Turanci. Ta haka mutanen ƙasashe masu nisa suka san ta. A Nijeriya kuwa makarantun 'yan mata da yawa suna amsa sunanta.

Yaƙe-yaƙen nan sun wuce. Jikokin Filani da Gobirawa da Adarawa da Buzaye yau ga su a aji ɗaya, a kan benci ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya a Illela da Ƙonni. Ganuwar ribaɗi da yawa ta zube, an yi gona a wurin. Amma yaƙi da jahilci yana nan, gama har yanzu akwai 'yan mata a ƙauyukanmu da ake cirewa daga makaranta tun ba su iya rubuta wasiƙa ba. Ku 'yan mata, in karatu ya yi muku wuya, ku tuna da matan da suka yi tafiyar kwanaki a ƙasa don su koyi waƙa guda. Ku kuma samari, wata rana za ku zama masu gida. Ku tuna Shehu bai hana 'yarsa allo ba, Bello bai raina shawarar ƙanwarsa ba, Giɗaɗo kuma bai ɓoye wa matarsa tawada ba. Abin da kuka koya yau a makaranta, in kun koma gida ku koya wa wanda bai sami zuwa ba.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya gafarta mata, ya ba mu albarkacin ilmi. Amin.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Nana Asma'u, a wace shekara kuma?
2. Don me Shehu da jama'arsa suka bar Ɗegel? Wane kaya ne ba su yarda su bari ba?
3. Mene ne ribaɗi? Kawo sunan ribaɗi biyu.
4. Wace ce jaji, me ya sa ake ba ta malfa?
5. Don me Asma'u ta riƙa shirya darasinta a cikin waƙa?
6. Zana taswira, ka nuna Illela, da Ƙonni, da Gwadabawa, da Kware, da Sakkwato, da Wurno.